Lungun da Motar Kwana-kwana Ba Ta Iya Shiga

A cikin hunturun da ya wuce, wajen ƙarfe biyu na dare, ihun mata ya tashe mu daga barci a unguwarmu da ke cikin tsohon garin Bauchi. Gida na huɗu daga namu ne ya kama da wuta. Kafin in zura riga in fito, matasa sun riga sun yi layi da bokitai daga rijiyar masallaci zuwa ƙofar gidan, wasu kuma sun hau katanga suna yaye kwanon ɗakin da ke maƙwabtaka domin kada wutar ta tsallaka. An kira 'yan kwana-kwana, kuma sun zo. Abin da ya tsaya mini a rai har yau shi ne wurin da motarsu ta tsaya, wato can bakin titi, nesa da gidan, domin lungun da zai kai ta ƙofar gidan ya yi mata kaɗan. A farkon lungun akwai dakalin da wani ya fito da shi, gaba kaɗan akwai shagon da aka manna a jikin katanga, sannan ga kwata a buɗe, ga turken lantarki kusan a tsakiyar hanya. Suka jona tiyo a kan tiyo har ya kai, suka yi iya ƙoƙarinsu, ruwan motar ya ƙare, suka juya neman wani. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma ɗakuna uku sun ƙone ƙurmus, har da kayan ɗakin wata yarinya da ake shirin kai wa gidan miji bayan mako biyu.

Washegari muka zauna a ƙofar gidan ana karɓar jaje. Bayan addu'ar Allah Ya mayar da alheri, maganar da ta fi yawo a bakin mutane ita ce 'yan kwana-kwana sun zo a makare, kuma sun zo da ruwa kaɗan. A cikinmu akwai wani dattijo da ya yi aikin kashe gobara har ya yi ritaya, yana zaune gefe yana jan carbi bai ce komai ba. Da mutane suka ragu sai na matsa kusa da shi na ce, "Baba, kai da ka san aikin, ina aka samu matsala jiya?" Bai kare abokan aikinsa ba, bai kuma zarge su ba. Ya nuna mini bakin lungun da sandarsa, ya ce in je in auna faɗinsa da ƙafata, in dawo in gaya masa ranar da aka toshe shi da kuma wanda ya hana. Na je na auna. Dakalin nan ya fi shekara goma sha biyar a wurin, shagon kuma ina tuna ranar da aka kafa tubalinsa, domin ni kaina na wuce na yi wa mai shi fatan alheri.

Tun daga ranar na daina kallon gobara a matsayin abin da yake farawa lokacin da aka ga hayaƙi. Yawancin abin da ke raba ƙaramar gobara da babba an gama yanke shi shekaru kafin a ƙyasta ashana: faɗin hanya, wurin da ruwa yake, nisan tashar kashe gobara, irin wayar da aka ja wuta da ita, da abin da aka bari a ajiye kusa da me. Duk waɗannan al'amuran tsarin gari ne, kuma ba abubuwa ne da ake gyarawa cikin dare ɗaya ko cikin kasafin shekara ɗaya ba. Abin da nake kira a kai shi ne garin Bauchi ya mallaki rubutaccen tsari na dogon zango, na shekara goma zuwa ashirin, game da kare jama'a daga gobara, kuma a gina tsarin a kan sahihin sanin inda haɗarin yake, unguwa bayan unguwa.

Wannan sanin shi masu harkar suke kira tantance haɗarin da ke tattare da al'umma. Sunan yana da nauyi, amma aikin a fili yake. Ana fita ne da takarda da taswira a tambayi gari wasu tambayoyi. A ina wuta ta fi tashi a shekarun baya, a wane wata, da wane lokaci na dare ko rana, kuma mene ne sanadinta? A ina mutane suka fi cunkushewa, musamman waɗanda ba za su iya gudu da kansu ba, kamar ƙananan yara da tsofaffi da marasa lafiya? A ina aka tara abin da wuta take so, irin su man fetur da gas da katako da katifa da yadi da roba? Idan ta tashi a wuri kaza, minti nawa mota za ta ɗauka kafin ta isa, ta wace hanya, kuma daga ina za ta sha ruwa idan nata ya ƙare? Sai a haɗa abu biyu a auna, wato yiwuwar tashin wutar da kuma girman ɓarnar da za ta yi idan ta tashi. Akwai wurin da wuta take yawan tashi amma ɓarnarta kaɗan ce, kamar juji. Akwai wurin da ba kasafai take tashi ba, amma ranar da ta tashi sai gari ya yi makoki, kamar ɗakin kwanan ɗalibai ko asibiti. Tsari mai hankali yana ba kowanne irin kulawar da ta dace da shi.

Idan aka yi wa Bauchi wannan awo, za a ga cewa garin kashi-kashi ne a idon wuta, kuma kowane kashi da irin ciwonsa. Akwai cikin ganuwa, garin da Sarki Yakubu na farko ya kafa a farkon ƙarni na 19, inda aka yanka lunguna daidai da tafiyar mutum da jaki, gida yana jingine da gida, zaure yana kallon zaure. A nan matsalar ita ce shiga da kuma saurin tsallakawar wuta, musamman yanzu da rufin azara da ƙasa ya koma kwano da katako da silin na roba. Akwai sababbin unguwannin awon igiya da suka bazu ta hanyar Jos da ta Dass da ta Gombe da ta Maiduguri da ta Ningi, inda mai gona yake yanka filaye ya sayar, hanyar da aka bari ta zama 'yar siririya, kuma ba a ware ko taku ɗaya domin tashar kashe gobara ko tankin ruwa ba. A nan matsalar nisa ce da rashin adireshi. Akwai yankin Yelwa da Gwallameji, inda ɗaliban jami'a da na kwalejin kimiyya da fasaha suke haya a jerin ɗakuna masu ƙofar fita guda ɗaya da tagogi masu ƙarfen tsaro, kowane ɗaki da ƙaramar tukunyar gas ko hita. Akwai kasuwanni, Wunti da Muda Lawal da babbar kasuwa ta tsakiyar gari. Akwai kuma manyan hanyoyin da tankokin mai suke ratsawa dare da rana, da gidajen mai da wuraren ɗura gas da suka shigo har tsakiyar gidajen jama'a. Mota iri ɗaya da shiri iri ɗaya ba za su wadatar da waɗannan wurare duka ba.

Haɗarin ma ba a tsaye yake wuri ɗaya ba. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka yi a ƙasar nan ita ce ta 2006, wadda ta ba ƙaramar hukumar Bauchi mutum ƙasa kaɗan da rabin miliyan, kuma duk wanda ya san garin a wancan lokaci ya san gonakin da yake wucewa a da yanzu sun zama unguwanni. Yadda muke girki da haskaka gida shi ma ya sauya. Risho ya ja baya, tukunyar gas ta shiga gidajen da ba a taɓa koya wa kowa cewa gas ya fi iska nauyi ba, cewa idan ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya yana jiran wanda zai kunna wuta. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, masu hali da yawa sun koma ga sola da inbata da batura, waɗanda sau tari ake jona su da siririyar waya a ɗakin da babu iska, marasa hali kuma sun koma ga gawayi. Janareta da jarkar fetur suna nan a bayan ƙofa kamar yadda suke. Sannan ga tsohuwar matsalarmu ta ɗaukewar wutar lantarki: a bar hita ko dutsen guga a jone a fita, wuta ta dawo babu kowa a ɗakin. Tsarin da aka rubuta domin Bauchin shekara ashirin da suka wuce, ko da an rubuta shi da kyau, ba zai san waɗannan ba. Saboda haka awon haɗari aiki ne da ake sabuntawa duk bayan 'yan shekaru.

Maganar lokaci ita ce zuciyar al'amarin. Wuta a ɗakin da ke cike da katifa da labule da kujerun soso tana iya kaiwa matakin da komai na ɗakin zai kama gaba ɗaya cikin mintoci ƙalilan, kuma hayaƙi yakan kashe mutum kafin harshen wuta ya taɓa shi. Wannan ne ya sa ƙungiyar kare gobara ta Amurka, wadda aka sani da NFPA, ta sa a ma'auninta mai lamba 1710 cewa motar farko ta isa wurin cikin minti huɗu na tafiya a kashi 90 cikin 100 na kiran da aka yi. Ba na cewa mu ɗauko wannan adadi mu ɗora wa kanmu gobe, domin halinmu da nasu ba ɗaya ba ne. Amma lissafin da ke ƙarƙashinsa namu ne mu ma. Motar da ke tafiyar kilomita 30 a awa a cikin gari, kilomita biyu kawai za ta ci cikin minti huɗu. A ɗauki taswirar Bauchi, a zana da'ira mai nisan kilomita biyu ko uku kewaye da kowace tashar kashe gobara, sai a duba unguwannin da suka faɗo wajen da'irar. Waɗannan su ne wuraren da ya kamata a ware wa fili tun yanzu, tun kafin filin ya yi tsada ko a gine shi, ko da ginin tashar sai bayan shekara biyar. Ƙaramar tasha mai mota ɗaya da ma'aikata masu karɓa-karɓa a gefen gari ta fi amfanin motoci biyar da aka jera a harabar ofis guda.

Dattijon nan ya ƙara mini da wani abu da ban taɓa lissafawa ba. Mintocin da ake asara tun kafin mota ta tashi sukan fi na kan hanya yawa. Mutane sukan fara da bokiti, sai wuta ta gagara sannan a tuna da kira, sai a shiga neman wanda yake da lambar waya. Idan an samu, kwatancen da za a bayar shi ne bayan gidan Alhaji wane, kusa da mai shayi. Akwai lambar gaggawa ta ƙasa, 112, amma mutum nawa ne a unguwarmu suka san ta? Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya lissafa raɗa wa tituna suna da sanya wa gidaje lamba a cikin ayyukan ƙananan hukumomi, tare da kula da kasuwanni da tashoshin mota. Mun saba ɗaukar lambar gida a matsayin ado ko hanyar karɓar haraji, alhali a daren gobara ita ce bambancin minti biyar da minti ashirin.

Sai ruwa, wanda a kansa aka fi zagin 'yan kwana-kwana, wani lokaci har da jifa, abin da yake ƙona mini rai duk lokacin da na ji labarinsa. Mota ba rijiya ba ce. A ce ta ɗauko lita 5,000, tiyo kuma yana fitar da lita 500 a minti, to cikin minti goma ta zama fanko. A garuruwan da aka tsara, motar tana jona kanta ne da famfo na musamman da aka kafa a bakin titi a kan babban bututun ruwa, ta yi ta sha tana fesawa har wuta ta mutu. Ruwan famfon Bauchi daga madatsar Gubi yake zuwa, kuma duk lokacin da za a shimfiɗa sabon bututu ko a sauya tsoho, wannan ne lokaci mafi arha na kafa irin waɗannan famfuna, maimakon a dawo a fasa kwalta daga baya. Inda bututu bai kai ba, ko ruwa ba ya zuwa kullum, akwai hanyar da ta dace da mu: tankunan ƙasa da aka keɓe domin gobara kaɗai a kasuwanni da manyan makarantu, da kuma rubutacciyar yarjejeniya da masu burtsatse da manyan tankuna, irin su masallatan Juma'a da otal-otal da masana'antun ruwan leda da masu tankar ruwa, cewa mota za ta iya sha a wurinsu a kowane lokaci. A sanya kowane ɗaya a taswira, direba ya san mafi kusa da shi kafin ya bar tasha. A daren da nake ba da labari, akwai gida mai burtsatse da babban tanki a layi na biyu daga inda motar ta tsaya, amma babu wanda ya yi tunaninsa sai da gari ya waye.

Kasuwa kuwa ta cancanci babi nata. Babbar kasuwar Jos ta ƙone a watan Fabrairun 2002, kuma fiye da shekara ashirin ba ta koma yadda take ba. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta yi asarar dubban shaguna a watan Maris na 2016. Babbar kasuwar Sakkwato ta kama a Janairun 2021, ta Katsina ta biyo baya a Maris na 2021 ɗin, Kasuwar Monday ta Maiduguri kuma a Fabrairun 2023. Duk wanda ya dubi watannin zai ga cewa a tsakiyar rani suke, lokacin da iska ta bushe, katako ya bushe, kuma akwai iskar da za ta hura. Kasuwanninmu na Bauchi ma sun ɗanɗana nasu rabon. Siffar kusan ɗaya ce a ko'ina: hanyoyin da aka bari tun asali domin mota an cike su da rumfuna da tebura, an ja wuta daga shago zuwa shago kamar saƙar gizo, mai sayar da abinci yana hura gawayi a bayan mai katifa, da daddare kuma a rufe ƙofofi a bar maigadi da tocila. Idan aka zo sake gini bayan gobara, gaggawar mayar da 'yan kasuwa kan sana'arsu takan sa a mayar da komai yadda yake, har da abin da ya jawo gobarar. Ina fahimtar wannan gaggawa, domin mutumin da jarinsa ya zama toka ba shi da haƙurin jiran mai zane. Shi ya sa ya kamata zanen ya kasance a ajiye tun kafin gobarar, wanda aka yi shi tare da shugabannin 'yan kasuwa da sarkin kasuwa, mai nuna layukan da ba za a taɓa toshewa ba, da bangon tubali da zai raba rukuni da rukuni, da wuri guda da za a kashe wutar lantarkin kowane layi idan an tashi, da ɓangaren da aka keɓe wa masu amfani da wuta.

Garuruwan da muke gani a tsare a yau su ma ta wannan hanya suka bi. A watan Satumban 1666 wuta ta tashi daga gidan burodi a birnin Landan, ta yi kwana huɗu tana ci, ta cinye gidaje fiye da 13,000. A shekarar da ta biyo baya aka yi dokar da ta wajabta gini da tubali ko dutse, aka kuma faɗaɗa wasu tituna. A Amurka, rahoton da wani kwamitin ƙasa ya fitar a 1973 game da yawan mutuwa a gobara shi ya kai ga kafa hukumar kula da gobara ta tarayya a 1974, ya kuma karkatar da hankali zuwa ga rigakafi. A Ingila ta yau, wajibi ne kowace hukumar kashe gobara ta rubuta tsarinta na aƙalla shekara uku bisa awon haɗarin yankinta, ta tuntuɓi jama'a, ta kuma buga shi kowa ya gani. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne bugawar. Tsarin da ke kulle a durowar ofis babu mai iya tambayar inda aka kwana a kansa.

Mu ma ba dokoki muka rasa ba. Hukumar kashe gobara ta tarayya tana da dokarta tun 1963, dokar tsara birane da yankuna tana nan tun 1992, ƙa'idojin gini na ƙasa kuma an fitar da su a 2006. Jiha tana da hukumar kashe gobara da ta ba da agajin gaggawa da ta raya birane da ta ruwa. Abin da tsarin dogon zango zai yi shi ne ya zaunar da su a tebur ɗaya, ta yadda ba za a amince da zanen sabuwar unguwa ko kasuwa ko gidan mai ko ɗakin kwanan ɗalibai ba sai jami'in kashe gobara ya duba ya sa hannu, kuma mai shimfiɗa bututu ya san abin da mai yanka filaye yake shiryawa. Aikin awon ma ba sai an ɗauko ƙwararru daga waje da kuɗi masu yawa ba. Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa tana da sashen nazarin tsara birane, kuma kowace shekara ɗalibai suna neman abin da za su yi bincike a kai. Idan aka haɗa su da masu unguwanni, waɗanda suka san kowane lungu da kowace tsangaya da kowane mai sayar da fetur a jarka, cikin rani ɗaya za a iya zana taswirar haɗari ta gundumomi da dama. Abin da zai ciyar da taswirar gaba shi ne rajista, wato duk fitar da mota ta yi a rubuta lokacin kira da lokacin isa da sanadi da asara, a tara, a fitar wa jama'a a ƙarshen shekara.

Wurare biyu nake roƙon a sa a sahun gaba idan an zo wannan aiki. Na farko tsangayu da makarantun kwana. A watan Fabrairun 2025 almajirai 17 suka rasu a gobarar dare a Ƙauran Namoda ta jihar Zamfara. Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin kwanan almajirai a cikin sanyi, ya ga yawan yaran da ƙanƙantar ƙofar da karan da aka tara domin hura wutar karatu, ya san abin da ya faru can zai iya faruwa a nan. Ƙofa ta biyu da raba wurin kwana da wurin ajiye kara ba su da tsada, kuma na tabbata alarammomi za su karɓi shawarar idan aka je musu da girmamawa ta hannun masarauta. Na biyu hanyoyin tankoki. Abin da ya faru a Majiya ta jihar Jigawa a watan Oktoban 2024, inda tankar mai ta faɗi, jama'a suka taru kwasar mai, ta fashe ta hallaka fiye da mutum 150, ya isa ya sa kowane gari ya tsara hanyar da tankoki za su bi da wurin da za su kwana nesa da gidaje, ya kuma tanadi kumfar kashe wutar mai, domin ruwa kaɗai yaɗa irin wannan wuta yake yi.

Na san za a ce duk wannan kuɗi ne. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ake raba shi shekara-shekara. Amma akwai abin da na lura da shi: sayen sabuwar mota yana da biki da hoto, man da za ta sha da tayarta da horar da direbanta da rigar da za ta kare ma'aikaci daga ƙuna kuwa ba su da biki, sai a manta da su. Tsari na gaskiya yana lissafa kuɗin riƙe mota na tsawon rayuwarta tun ranar da aka saye ta, yana kuma lissafa ma'aikatan da za su yi ritaya da waɗanda za a ɗauka su gaje su. Sannan dole majalisar dokokin jiha ta ba shi ƙarfin doka, domin wa'adin gwamnati shekara huɗu ne, bututu da tasha da faɗaɗa hanya kuwa sun fi haka tsawon rai. Idan ba a ɗaure shi da doka ba, kowace sabuwar gwamnati za ta fara daga farko.

Akwai kuma masu cewa gobara ƙaddara ce, kuma ni ma na yi imani da ƙaddara. Amma ya tabbata a hadisi cewa wani gida ya taɓa ƙonewa da mutanensa a Madina cikin dare, da aka ba Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, labari, sai ya bayyana cewa wuta abokiyar gaba ce, ya umarci mutane su kashe ta idan za su kwanta. Umarnin rigakafi ke nan daga bakin wanda ya fi kowa tawakkali. Ina ganin huɗuba guda a farkon kowane hunturu a kan kaskon gaushi a ɗaki da hita da tukunyar gas za ta kai inda sanarwar rediyo ba ta kai ba, idan aka sa limamai cikin tsarin tun daga farko.

A unguwarmu mun fara da abin da hannunmu zai iya. Bayan mako uku da gobarar, mai unguwa ya tara magidanta bayan sallar isha'i, dattijon nan ya yi bayani, muka zaga da igiyar awo muka gano lunguna huɗu da mota ba za ta iya shiga ba. Mai dakali ya amince ya rushe shi da kansa. Mai shago ya nemi a ba shi zuwa bayan damina, kuma an ba shi, domin da shagon yake ciyar da iyalinsa. An rubuta lambobin kiran gaggawa da fenti a bangon masallaci da na makarantar Islamiyya, mai burtsatse ya ba da izinin a buga masa ƙofa ko ƙarfe nawa ne, malamar Islamiyya kuma ta ware darasi guda ta nuna wa matan aure yadda ake rufe tukunyar mai da murfi idan ta kama maimakon a watsa mata ruwa. Turken lantarkin da kwatar kuwa sun fi ƙarfinmu, haka ma tankin ruwa da tasha mafi kusa. Mun rubuta takarda a kansu, muka haɗa da ɗan zanen lungunan da wani ɗalibi ɗan unguwar ya yi mana, mai unguwa ya kai wa hakimi, ni kuma aka ɗora mini kai kwafi ga kansilanmu da bibiyar amsa a farkon kowane wata.